Ƙaramin Guga

Daren Juma'a na sauya wa sabar ƙwaya,
sabon kanel, na ce Bismillahi, na kashe, na kunna.
Ta tashi garau. Na ja ƙofa na datse,
na hau babur zuwa Mabera ina fito.

Litinin, tara da kwata,
Luba ta leƙo daga ɗakin masu awon filaye:
"Namakka, mi ka yi ma na'urag ga?
Taswirar Gidan Igwai nika buɗewa tun ɗazu,
shayina ya huce, ita ba ta hito ba."

Na zauna gaban baƙin allo.
Lodi arba'in da bakwai.
Makon jiya ko biyu ba ya kaiwa.
Na leƙa ƙwaƙwalwa, tana zaune,
hannu a haɓa, kamar mai rumfa ran da ba kasuwa.
Na leƙa faifai, ko rabi bai cika ba.
Ba mai aiki, ga kowa ya gaji.

Esi na tari. Zafin Afrilu ya jingina da taga
yana jiran NEPA ta ɗauke ya shigo.

Na fara zargin kebul, na cire na maida.
Na zargi janareta.
Na zargi Gado, yaron da ke koyon aiki,
na ɗaga masa murya gaban masinja,
ya ce wallahi ko kujerata bai taɓa ba.

Kundin da na'ura ke rubuta kukanta
layi ɗaya yake maimaitawa:
ina jiran rumbu, ina jiran rumbu.
Rumbun kuwa ga shi can ɗakin baya,
fitilarsa kore, fayil cike, lafiyarsa lau.

Da aka fita sallar Azahar na maido tsohon kanel.
Lodi ya sauko, ɗaya da ɗigo.
Na ɗora sabon. Ya hau, goma, ashirin, talatin.
Ruwa ba ya tsami banza.
Sai dai tsohon akwai ɓaraka a katangarsa,
don ita na sauya, ba zan koma ba.

La'asar ta wuce. Magariba ta same ni
da gurasa rabi da lambobi a ido.
Can na tuno rijiyar kakata a Hamma'ali,
shekarar da gugan fata ya yage
aka ɗaura gwangwanin madara a igiya.
Ruwa na nan ƙasa, bai ragu ba,
amma layin tuluna ya kai gindin tsamiya.
Baƙo ya zo ya ƙirga mutane,
ya ce garin nan fari ake.

Ashe lodin nan masu jira yake ƙirgawa!

Na bi saiti ɗaya bayan ɗaya
har na iske inda ake faɗa wa sabar
nawa za ta ɗebo daga rumbu a zuwa guda.
A tsohon, guga ne.
A sabon, ɗari da ashirin da takwas kacal.
Gwangwani.

Na ƙara lambar. Na danna. Na riƙe numfashi.
Talatin. Sha tara. Shida.
Na rubuta ƙa'ida don kada ta manta
in an kashe an kunna,
na kashe, na kunna, ban yarda da ita ba,
na sake.

Sha ɗaya saura na fito Gawon Nama,
mai shayi na kife kofuna.

Talata Luba ba ta ce komai ba,
taswira ta buɗe, ta ci gaba da awonta.
Na saya wa Gado tsire na ɗari biyar,
na aje masa kan tebur cikin takarda.
Ya ci. Bai dube ni ba tukuna.